Amsa ga Malamar da Ɗalibanta Ke Manta Shekarun Tarihi

Wa alaikumus salam, Malama. Na ga tambayarki, cewa an ba ki darasin tarihi a aji huɗu na firamare, kina rubuta shekaru a allo yara su kwafa su haddace, amma mako na zagayowa sai ki tarar kamar ba a taɓa yi ba, wasu ma gyangyaɗi suke yi. Na daɗe ina koyar da yara sa'o'in naki, bari in faɗa miki abin da na gani, Allah Ya sa ya amfane ki.

Yaran nan ba daƙiƙai ba ne, ba kuma lalaci ke damunsu ba. Ɗan shekara tara, duk abin da ya faru kafin a haife shi suna ɗaya ya san shi da shi, wato "zamanin da". Ƙuruciyar kakarsa zamanin da ce, Fir'auna ma a zamanin da ya yi mulki, har yana iya tambayarki da zuciya ɗaya ko sun taɓa haɗuwa. In kika ce masa 1324, lamba kawai kika miƙa masa, ba shi da inda zai rataye ta. Sai ya fara ganin nisan lokaci da idonsa tukuna.

Ki samo doguwar igiya da tef irin na tela. Ku yi yarjejeniya da yaran cewa kowace santimita ɗaya shekara ɗaya ce, mita ɗaya shekara ɗari ke nan. Ki ƙulla bakin igiyar a jikin allo, ki ce nan ne yau. Ki kira yarinya ɗaya ta auna shekarunta, za ta ga duk rayuwarta ba ta kai faɗin tafin hannunki da yatsa biyu ba. Daga nan a matsa baya. Saukar ɗan Adam a duniyar wata a 1969 ta ɗan wuce rabin mita. Shekarar 1960, da ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yancin kai, tana nan dab da ita. Hajjin Mansa Musa, sarkin tsohuwar daular Mali, a 1324 sai an yi tafiyar mita bakwai, ƙila har ƙarshen aji. Hijira daga Makka zuwa Madina a 622 tana mita goma sha huɗu, an riga an fita baranda. Babbar dalar Giza ta Masar kuwa, mai shekara kusan 4,500, sai wanda ke riƙe da igiyar ya yi nisan mita arba'in da biyar, can tsakiyar filin wasa, ana ɗaga masa hannu. A kowane wuri a ɗaura ƙyalle da 'yar takarda. Ranar da kika yi wannan ba mai gyangyaɗi, kuma za ki ji wani ya ce, "Malama, ashe kakata ba ta tsufa ba!" Kada ki kwance igiyar bayan darasi. Abin da zai shiga aji a bar shi rataye a bango, duk sabon labari sai an fara nema masa mazauni a kanta.

Labarin kuma ki ba da shi da baki, littafi a rufe. Ki ɗauki mutum ɗaya ki bi shi. Mansa Musa ya ratsa Sahara da ayari mai ɗimbin jama'a da raƙuma, ya sauka Alƙahira, ya yi ta kyautar zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwar garin. Ki tsaya a nan ki tambaye su: raƙuman nan ina suke shan ruwa? Me ya sa abu in ya yi yawa yake araha? Ki bar su su yi ta kawo nasu.

Sai tambayar da na fi damuwa da ita, wadda na ga malamai da yawa suna tsallakewa: ta yaya muka sani? Ba mai kyamara a lokacin, ba wanda ya gani da ke raye. Ki gaya musu wani malami, al-Umari, ya je Alƙahira bayan wasu shekaru, ya tambayi mutanen da suka ga sarkin da idonsu, ya rubuta. Matafiyin nan Ibn Battuta ya shiga Mali da ƙafarsa a 1352, zamanin sarautar Mansa Sulaiman, bayan Mansa Musa. A 1375 kuma masu zana taswira a tsibirin Mayorka suka zana sarkin Mali zaune da zinariya a hannu. Hoton taswirar yana intanet, ki nuna musu ko a waya ne. Don su fahimci dalilin da marubuta ke saɓawa, ki sa yara biyu da suka ga wasan ƙwallo guda su ba da labarinsa ɗaya bayan ɗaya, na biyu yana waje lokacin da na farko ke magana. Ba za su zo daidai ba, alhali ba wanda ya yi ƙarya. Yaron da ya gane wannan tun yana ƙarami, ba kowane saƙo da aka turo a waya zai haɗiye ba in ya girma.

Aikin gida, ki tura su wurin wani dattijo da tambaya uku kacal: da me kuke haska ɗaki da dare, yaya kuke aika saƙo nesa, wane babban abu ya faru kuna yara. Ki ce "dattijo a gida ko a maƙwabta", kada ki ce "babanka" ko "kakanka", domin akwai marayu a kowane aji, kuma na ga yadda fuskar yaro ke canzawa a kan wannan. Wanda ya samu tsohon kuɗi, kaset ko tsohon hoto ya kawo a taɓa a juya.

In kin zo kan yaƙi ko bauta, ki faɗi gaskiya ba tare da kwatanta zubar da jini ba, kuma ki kula kada yara su juya su kalli ɗan'uwansu don kakanninsa suna ɗaya ɓangaren.

Na san jarrabawa na nan, kuma shugaban makaranta zai duba ko kin gama manhaja. Ki zaɓi shekaru biyar ko shida a zangon karatu, waɗanda suke da ƙyalle a igiya, su kaɗai za a haddace. Sauran tambayoyin su zama na jerantawa: ki ba su abubuwa huɗu a hargitse su faɗi wanne ya riga wanne, sannan su rubuta layi biyu kan yadda aka san ɗaya daga ciki. In kin gwada na igiyar, don Allah ki sanar da mu abin da yaranki suka ce.