Amsar murya: baƙin ɗigon da ke tsakiyar ayota

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata, na ga hotunanki tun da hantsi, sai yanzu na samu sararin zama. Ku yi haƙuri da ƙarar janareto.

Ga waɗanda ba su bi zancen ba: ta auna gudun jini da na'urar hoto ta MRI a ayota, babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, wa wani saurayi mai ciwon bawul, wato ƙofar jini ta zuciya, irin na rumatik ɗin nan da muke yawan gani. Ta sa VENC, wato iyakar saurin jinin da aka saita wa na'ura ta auna, a santimita 150 a sakan. A irin wannan hoton, fari jini ne mai tafiya gaba, baƙi mai komawa baya. Hoto ya fito, jijiya fari tas, sai ga baƙi ƙirin a tsakiyarta daidai lokacin da zuciya ta matse. Manhaja ta ce mililita 40 na jini ke fita a kowane bugu, alhali awon ɗakin hagu na zuciya ya ba ta kusan 70. Tana tambaya, jini ne ke komawa baya? Kuma ya za ta gyara, tunda yaron ya riga ya tafi gida?

To, ba komawa baya ba ne. Naɗewa ce, abin da muke ce wa aliyasin. Kuma kar ki haɗa ta da waccan naɗewar ta hoto, wadda hannun mara lafiya ke faɗowa cikin ƙirji idan kin matse filin ɗauka. Suna ɗaya, cuta daban.

Na'urar nan ba ta ganin gudu. Kusurwar juyin sigina take gani. Ana kunna giradiyen, wato maganaɗisun da ƙarfinsa ke bambanta daga wuri zuwa wuri, sau biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Naman da ke tsaye, na biyun ya goge abin da na farko ya yi masa, ya koma sifili. Jinin da ke tafiya kuwa ya riga ya canja wuri, gogewar ba ta cika ba, sai ya rage da ɗan juyi, kuma juyin daidai yake da saurinsa. Tsohuwar dabara ce, tun 1960 masanin kimiyya Erwin Hahn ya kawo shawarar a auna motsin ruwan teku da ita, kafin ma a san za a yi hoton mutum.

Ɗauki dogon hannun agogo. Kin bar shi a sha biyu kin fita, kin dawo kin same shi a minti 36. Gaba ya yi minti 36, ko baya ya yi minti 24? Ba ki da hanyar sani. Ita na'ura ta yanke wa kanta hukunci: duk abin da ya wuce rabin agogo, wato digiri 180, baya ya yi. VENC ɗin da kika rubuta shi ne saurin da ke kai hannun daidai rabin agogo. Kin sa 150, kenan kowane minti santimita 5 ne a sakan. Jini ya zo da 180, minti 36 kenan, ita kuma ta rubuta baya minti 24, wato 120 ƙasa da sifili. Ga baƙinki nan. Kuma da manhaja ta zo tara jimla, maimakon ta ƙara 180 sai ta debe 120. Nan mililitocinki suka zube.

Yadda za ki bambanta shi da komawar gaskiya, idonki ma ya isa. Jini ba ya juyawa sai ya rage gudu ya tsaya, don haka tsakanin fari da baƙi za ki ga ruwan toka. A naɗewa babu toka, fari mafi haske ne ke jingine da baƙi mafi duhu, kamar an yanka da reza. Sannan yoyon bawul ɗin ayota bayan zuciya ta saki yake zuwa. Naki a ƙololuwar matsewa yake, a tsakiyar jijiya inda gudu ya fi ƙarfi. Duba layin giraf ɗinki ma, za ki ga ya hau, ya lotsa a kai, ya sake hawa.

Yawwa, gyara. Lissafin ba wuya: duk ɗigon da ya naɗe, ki ƙara masa VENC sau biyu. 300 a kan 120 ƙasa da sifili, kin dawo 180. Mafi sauƙi shi ne matsar da layin sifili, irin yadda masu eko, wato hoton zuciya na sauti, ke yi a awonsu na gudun jini, Dopla. Faɗin tagarki, wato zangon saurin da na'ura ke iya nunawa, 300 ne, ba ya ƙaruwa, amma kina iya tura ta. Maimakon daga 150 ƙasa zuwa 150 sama, ki mai da ita daga 50 ƙasa zuwa 250 sama. Sai dai ki lura, yaron nan mai rumatik ne, yana iya haɗa tsukewa da yoyo. Idan kika tura tagar da yawa, yoyon gaskiya mai sauri shi kuma zai naɗe ta ɗaya gefen, ya fito fari, kin rufe rami kin tona wani. In manhajarki ta yarda, ki yi gyaran a hotunan lokacin matsewa kaɗai.

Maɓallin nan na warware naɗewa da kansa, yawanci maƙwabta yake tambaya. Ko ya duba ɗigon da ke kusa, ko ya bi ɗigo ɗaya daga hoto zuwa hoto cikin bugun zuciya, ya fara daga lokacin da jini ke kwance. Inda ya ga tsalle ya fi VENC, sai ya ce naɗewa ce, ya ƙara ko ya rage. Sharaɗinsa guda: kada saurin gaskiya ya yi irin wannan tsallen tsakanin maƙwabta. A lafiyayyar jijiya sharaɗin yana cika. A bakin bawul da ya tsuke kuwa, jini na fita kamar an danne bakin tiyo da yatsa, ɗigo ɗaya na gudu 350, na gefensa kusan a tsaye. Nan manhaja ke ruɗewa, kuma in ta kuskure wuri ɗaya tana iya jan kuskuren ta shafa wa na gaba. Ni dai ban taɓa danna maɓallin nan na tafi shan shayi ba, sai na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin da ya fi ba ni tsoro. A ce saurin 400 ne, wato mita 4 a sakan, inda likitocin zuciya ke cewa tsukewa ta yi tsanani. Debe 300, saura 100. Fari zai fito! Za ki ga fari a waje, zoben baƙi, sai fari kuma a tsakiya, lamba mai hankali kamar ba komai. In kin ga wannan zoben, tura taga ba zai fisshe ki ba. Haka 120 ɗin nan na ƙasa, yana iya zama 180, yana iya zama 480 in ya zagaya sau biyu. Shi ya sa nake naci a kan ku karɓi sakamakon eko kafin mutum ya hau gado.

Kuma ki buɗe ɗayan hoton, na ƙarfin sigina, wanda ke zuwa tare da na gudu. Idan wurin ya yi duhu a can ma, jinin ya hargitse ne, siginar ta mutu. Lambar da ke wurin yayyafi ce kawai, wato tarkacen lambobi marasa ma'ana, babu lissafin da zai dawo da ita.

Na san abin da wani zai ce: Oga, a sa 500 kowa ya huta mana. Na yi hakan ina sabon hannu, bayan an yi min faɗa a kan naɗewa. Yayyafin awo yana tashi daidai da VENC. Daga 150 zuwa 500 kin ninka shi fiye da sau uku, sai ɗan yoyon da ake nema ya nutse a ciki. Ka'ida ita ce ki ɗora kaɗan a kan saurin da kike tsammani, kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Ayota lafiyayya 150 yakan isa, mai tsukewa 250 zuwa 500, ruwan ƙwaƙwalwa kuwa 10 zuwa 20. Masu bincike suna da dabarar VENC biyu, babba da ƙarami, babban ya faɗa wa ƙaramin sau nawa ya zagaya, amma lokacin ɗauka na ƙaruwa. Mu a nan, riƙe numfashi ɗaya ne, sakan goma sha wani abu. Ki duba hoton gudu tun mara lafiya yana kwance, in kin ga baƙi ki ƙara 50 ki maimaita.

Na yaron nan, a abin da na gani babu zobe, naɗi ɗaya ne mai tsabta. Ki tura tagar, ki sake lissafi. In ya matso kusa da 70, madalla. In ya tsaya nesa, ki duba ko bawul ɗin mitiral, ƙofar shiga ɗakin hagu na zuciya, na yoyo, don shi ma yana kawo wannan giɓin, kuma rumatik ya fi son sa. Ki turo min giraf ɗin bayan gyara, amma don Allah ki yanke sunansa da lambar katinsa daga saman hoton, na ɗazu ma ki goge shi daga gurup. Bari in je, an kira la'asar.