Amsa ga 'yar uwar da ƙanwarta ke tsallake shan magani

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, kin ce ƙanwarki ta shekara uku tana shan maganin HIV, kwanan nan kika lura tana tsallake kwanaki, kuma da kin ce mata "kin sha?" sai ta haɗe rai ta bar miki ɗakin. Kina tambaya ko ki sanar da mahaifiyarku. Ni tun 2012 nake kan maganin nan, a wajen awon ciki aka gano, don haka a jikina na koyi abin da zan gaya miki.

Shekarar farko tsoron mutuwa kaɗai ya isa ya sa mutum ya sha. Wahalar tana zuwa ne bayan jiki ya murmure, kin yi ƙiba, kowa na cewa kin yi kyau, sai ya zama ƙwayar nan ce kaɗai ke tuna miki kina ɗauke da wani abu. A 2015 na yi kusan wata biyu ina sha yau, gobe in bari, kuma wallahi ban taɓa mantawa ba, ɓoyo ne ya gajiyar da ni. A gidan yawa muke lokacin. Robar maganin tana ƙasan akwati cikin zannuwa, sai ɗaki ya zama ba kowa zan ciro ta, ga shi da an taɓa ta sai ta hau kacau-kacau. In an tafi biki ƙauye kwana uku, mata goma a ɗaki ɗaya, a ina zan fito da ita? Sai in bar ta a gida. Maigidana ya sani, amma maganar kamar an binne ta, ko da wasa ba ya tayar da ita.

Gwajin jini ne ya tona ni, ƙwayoyin cutar sun haura 1,000 a kowane mililita na jini, alamar maganin ba ya danne su. Ma'aikaciyar ta yi min bayani cewa tsallake-tsallaken nan shi ke ba cutar damar sabawa da magani har ya daina yi mata aiki. Sannan ta tambaye ni wa nake iya yin maganar da shi a gida. Na rasa amsa. A makon na je na gaya wa yayata.

Abin da Yaya ta yi shi nake so ki duba. Ba ta taɓa ce min "kin sha?" ba, ko sau ɗaya. Tana da hawan jini, kullum bayan isha'i take shan nata, sai ta kira ni ta ce, "Ni dai zan haɗiyi tawa," mu yi ta hirar duniya. In biki ya taso, robata a jakarta take tafiya, don ba mai bincikar jakar babbar mace da kowa ya san tana shan magani. Ranar asibiti ita ke riƙe min yara, wani lokacin ta soka min kuɗin mota ba tare da na roƙa ba. Maganin kyauta ne, amma motar zuwa karɓarsa ba kyauta ba ce, kuma na san mata da yawa da a nan suka tsaya.

Tambayar da kike mata kullum, duk da zuciya ɗaya kike yi, a kunnenta tuhuma ce. Ki bar ta haka. Ki samu lokacin da kuke ku biyu ki tambaye ta abin da ke damunta. Kin ce budurwa ce, to ni zargina ya fi tafiya kan maganar aure, musamman yanzu da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024. Yarinya in ta yanke cewa ba mai aurenta, sai ta ga me amfanin shan. Ta san cewa wanda ya riƙe magani har ƙwayoyin cutar a jininsa suka sauka ƙasa da 200 suka zauna a nan ba ya sa wa abokin aurensa? Ɗan da na haifa bayan an gano cutar a jikina, lafiyarsa ƙalau.

Maganar mahaifiyarku kuwa, a'a, sai da yardarta. Sirrinta ne. In kika kai shi ba izini, ke ma ta rufe miki ƙofa, shi ke nan ba ta da kowa. Kuma dangi in sun ji, cikin ƙauna wani zai kawo jiƙo ya ce an warke da shi a daina na asibiti. Na ga wadda aka rasa ta haka.

Ki nuna mata ƙungiyar masu ɗauke da cutar da ke asibitinsu, da yawa suna ƙarƙashin NEPWHAN, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu ɗauke da HIV ta Najeriya. Na daɗe ina ƙin zuwa don kada in haɗu da idon sani. Ranar da na je na tarar da wata dattijuwa da ke sha tun 2006, lokacin da gwamnati ta mayar da shi kyauta, tana raba goron bikin 'yarta. Ba likitan da ya taɓa kwantar min da hankali kamar goron nan.

Yanzu ma an samu sauƙi, maganin HIV da ake kira TLD ƙwaya ɗaya ce a rana, ana ba da ta wata uku ko shida, da azumi ni bayan buɗa-baki nake sha. Ki tambaye ta ranar komawarta asibiti, ki ce za ki raka ta, in ba ta so ki shiga sai ki jira ta a bakin ƙofa. Ta dai gaya musu gaskiyar kwanakin da ta tsallake don su duba jininta. Allah ya ba ta lafiya.