VAR ba ta ƙwace usur daga hannun alƙalin wasa ba

Ka tambaya ko VAR, wato tsarin duba bidiyo da ke taimaka wa alƙalin wasan ƙwallon ƙafa, ita ce ke yanke hukunci yanzu. A'a, ɗan'uwa. Tun da aka fara amfani da ita, dokar IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ta taƙaita ta ga abu huɗu: cin ƙwallo, fenariti, jan kati kai tsaye, da hukunta wanda ba shi ya yi laifin ba. Magana ta ƙarshe tana bakin alƙali.

Tun Kofin Duniya na 2018 a Rasha nake goyon bayanta, amma jiran nan yana ci mini rai. An zura ƙwallo, ɗan wasa ya zame da gwiwa yana murna, sai alƙali ya dafe kunne, fili ya yi tsit minti uku, ana auna kafaɗa saboda satar gida. Wallahi nan ya kamata a gyara.