Yaya, ga yadda ranar ta kasance

Na ga saƙonka tun daren jiya, kuma na gane abin da ya tayar maka da hankali. Ka turo mana yaro Kumasi ya yi aikin sa-kai na wata uku, yana koya wa 'yan makarantarmu lissafi, sai ga hotonsa a kan guntun gungume a tsakiyar ruwa, ga wani kuma yana danna tambarin Tonawa, wato Asante, a jikin ƙyalle. Ka ce karantarwa ya je ko yawon daji? Har ka tambaya ko mu 'yan Zango mun saki namu mun kama na mutane. Kana da haƙƙin tambaya. Ni na kai shi da ƙafata, don haka bari ka ji daga bakina.

Al'adarmu ce a nan, duk wanda ya zo ya yi mana hidima ba don kuɗi ba, ba ma barinsa ya koma bai ga ƙasar da ta riƙe mu ba. Fataucin goro ne ya kawo kakanninmu. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, da yawa suka gangaro kudu, wasu Kete Krachi, wasu nan Kumasi, suka sauke kaya a ƙasar Asante, waɗanda muke kira Tonawa. Har yau Sarkin Zango yakan je gaisuwa Manhyia, fadar Sarkin Asante. Yaron da ya zauna a unguwar Aboabo yana jin Hausa safe da yamma, kiran salla ta ko'ina, koko da ƙosai a bakin titi, zai iya komawa gida yana zaton bai bar Fagge ba. Mu kuwa mun san a gidan wa muke.

Ran Asabar bayan asuba muka hau mota, wadda a nan ake ce wa trotro, muka nufi tafkin Bosomtwe, kamar kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi. Bayan Kuntanase hanya takan hau tudu, sai kwatsam ƙasa ta buɗe, ka ga ruwa can ƙasa, zagayayye kamar an kafa tasa, tsaunuka sun kewaye shi. Masana sun ce wani dutse ne ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan 1 da ta wuce ya haƙa wannan rami, ruwan sama ya cika shi. Babu kogin da yake fita daga cikinsa. Na sa muka sauka daga mota muka gangara da ƙafa ta cikin gonakin koko da ayaba har ƙauyen Abono. Gumi ya jiƙe masa riga sharkaf, amma bakinsa bai daina Subhanallah ba.

Gungumen da ka gani sunansa padua. Tonawa suna girmama tafkin nan, a wurinsu nan rayukan matattu suke zuwa ban kwana, kuma tun kaka da kakanni masuntansu ba sa shiga da kwalekwale. Faffaɗan itace kawai mutum zai hau kamar doki, ƙafafu a cikin ruwa, yana tuƙi da tafin hannu ko da ɓallin ƙwarya, ga raga a gabansa. Yanzu akwai jirgin inji na 'yan yawon buɗe ido, amma masunta suna nan kan itacensu. Wani dattijo ya ara masa nasa, ya riƙe masa gindin itacen a inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Sau biyu yana kifewa, na uku ya zauna daram, yaran ƙauye suna ta tafi. Wurin da suke yankansu ba mu je ba, ba su kuma gayyace mu ba. Sun san mu Musulmi ne. Da azahar ta yi, matar dattijon ce ta kawo mana ruwan alwala, ta nuna mana inuwa mai tsabta. Zaman da muke yi da su ke nan fiye da shekara 100.

Daga nan muka bi ta Ejisu, garin Yaa Asantewaa da ta ja yaƙi da Turawan Ingila a 1900, muka tsaya Bonwire wurin masaƙan kente. Ba mu daɗe ba, amma yaro ya sha mamaki: ga ƙoshiya, ga zare a miƙe an danne shi da dutse can nesa kamar kunkurun masaƙanmu, ga ƙyallen yana fitowa siriri, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, sai an harhaɗa. Suka ce masa daga gizo-gizo kakanninsu suka koyi saƙa. Ya ce ashe Gizo ya zo nan ma.

Inda muka yi la'asar shi ne Ntonso, garin adinkra, wato buga tambari a jikin ƙyalle, kuma hoton nan ne na san ya fi damunka. Tawadarsu daga ɓawon kirni ake yin ta, suna ce masa badie, daga arewa ake kawo musu. A jiƙa shi, a kirɓa a turmi, a yi ta dafawa a cikin manyan tukwane har ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri kamar maɗi. Tambarin kuwa ɓallin ƙwarya ne aka sassaƙa, aka kafa masa 'yan tsinkaye a baya don riƙo. Mai aikin ya shimfiɗa ƙyalle, ya tsoma wani abu mai haƙora kamar matsefi ya ja layuka, gida-gida, sannan ya miƙa wa yaro kwandon tambura ya ce ya zaɓa. Kowanne da ma'anarsa. Akwai Sankofa, tsuntsun da ya waiwaya baya, wato abin da ka manta ka koma ka ɗauko. Yaro bai taɓa ko ɗaya ba sai da ya tambayi fassara, kuma hakan ya burge ni ƙwarai. Wanda ya ɗauka sunansa Gye Nyame. Ka san me yake nufi da Tonanci? Sai Allah. Kalmar da ni da kai muke faɗa kullum. Na farko hannunsa ya yi rawa tawada ta malala, mutumin ya dafa masa wuyan hannu ya nuna masa yadda ake ɗan jujjuya tambarin kafin a ɗaga.

Ran Litinin da ya koma aji, da wannan ƙyallen ya koya wa yara ƙirga faɗi da tsawo, suna lissafa gidajen tambari. Rabinsu an haife su a Kumasi amma ba su taɓa zuwa Ntonso ba, yanzu sun matsa sai an kai su kafin ya tafi. Ƙyallen kuma naka ne, ya ce kai ya buga wa, yana cikin jakarsa. Idan ya iso ka shimfiɗa ka duba, na kusurwar hagu ne wanda ya malala. A gaida Inna da mutanen gida.