Kun Tambaya: Damben Keji Da Musun Da Ya Ƙi Ƙarewa A Gidajen Kallo

Tun da masu gidajen kallo a ƙauyukan Kano da Jigawa suka fara tayar da janareta cikin dare saboda damben keji, wanda ake kira MMA, inda ake haɗa naushi da shuri da kokawa a cikin keji, wasiƙu kan harkar suke ta shigowa. Mun taƙaita tambayoyin, masu kama da juna kuma mun haɗe su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Har yau idan aka ambaci Kamaru Usman a gidan kallona sai benci ya rabu biyu. Wasu sun ce sayar wa Leon Edwards wasan ya yi, wasu sun ce jifansa aka yi. Ta yaya mutum zai yi ta cin wasa, saura minti ɗaya a tashi kuma a shimfiɗe shi? (Mai gidan kallo, Gaya)

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba ciniki, ba jifa; tarko aka ɗana masa ya faɗa. Nemo bidiyon wasan na watan Agustan 2022, ka rage masa gudu a ƙarshen turmi na biyar. Kafin nan alƙalai uku duk sun ba Usman maki 39, Edwards 37, wato turmi uku cikin huɗu nasa ne. Edwards bahago ne, ƙafar dama yake sawa a gaba. Sai ya miƙo hannun hagu kamar zai kai naushi, ba da wani ƙarfi ba. Usman kuwa ya saba kauce wa irin wannan naushi ta hanyar karkatar da kai zuwa damansa, hannunsa kuma ya fita don ya kaɗe shi. Ta wannan ɓarin ne ƙwaurin hagun Edwards ya taso, ya tarar da kai yana tahowa gare shi, ba abin da ya tare. Saura daƙiƙa 56 a tashi.

Batun ciniki kuwa, ku tambayi masu faɗa: mutumin da ya kare kambunsa sau biyar a jere tun da ya ƙwace shi daga hannun Tyron Woodley a 2019, nawa za a ba shi da zai fi abin da kambun ke kawo masa? Kuma mai sayar da wasa ba ya zaɓar shurin da zai sumar da shi.

Wasan da ya kamata 'yan benci su yi musu a kansa shi ne wanda suka sake karawa a Landan, a watan Maris 2023. An cire wa Edwards maki ɗaya saboda ya riƙe wayar keji, duk da haka ya ci a katin alƙalai biyu, na uku ya ba da canjaras. A nan aka ga raguwar ƙarfin Usman. Usman ɗan kokawa ne tun yana makaranta a Amurka, kuma ƙarfinsa shi ne ya manna mutum da keji, ya kwashe masa ƙafa, ya hau kansa har ya gaji. Wannan duk aikin gwiwa ne, shi kuma da bakinsa ya sha faɗar cewa gwiwoyinsa sun lalace. An haife shi a Auchi a 1987, ya shiga wasan yana da shekara 35. Amma kada a yi saurin yi masa jana'iza: a watan Yunin 2025 da wannan kokawar ya doke Joaquin Buckley a turmi biyar.

TAMBAYA: A dambenmu idan babu kisa an tashi canjaras. Su kuwa sai a gama wasa a ɗaga hannun wanda fuskarsa ta fi kumbura. Wane irin hukunci ne wannan? (Malamin firamare, Birnin Kudu)

AMSA: Malam, ba fuskar ƙarshe ake dubawa ba. Kowane turmi ana yanke masa hukuncinsa a rufe shi. Alƙalai uku ne, kowa a gefensa na kejin, ba wanda ke ganin katin ɗan'uwansa. Turmi minti biyar ne, hutu minti ɗaya. Wasan yau da kullum turmi uku, na kambu da babban wasan dare turmi biyar. Wanda ya ci turmi ya sami 10, ɗayan 9, idan an yi masa jina-jina kuma 8.

Yi lissafin da kanka. A ce wani ya ci turmi ukun farko da ƙyar, sannan ya sha duka a biyun ƙarshe. Idan alƙali bai ba da 8 ba, katin zai nuna 48 da 47, mai kumburin ne da nasara. Matsalar ke nan: alƙalai na rowar 8, sai turmin da aka ci da naushi biyu ya yi daidai da wanda aka kusa sumar da mutum a ciki. Dokar ta ce a fara duba dukan da ya yi illa da riƙon da ya kusa ƙare wasa. Sai idan an yi kunnen doki a nan ake duba wanda ya fi kai farmaki, sannan wanda ya mallaki fili. Kwanciya a kan mutum ba tare da duka ba bai kamata ta ci turmi ba, ko da yake wasu alƙalan suna ba ta.

Ba kullum ne 'yan kallo ke kuskure ba. A wasan Jon Jones da Dominick Reyes na Fabrairun 2020, alƙalai biyu sun ba Jones 48 da 47, wanda ana iya jayayya a kai. Na ukun ya rubuta 49 da 46, wannan kam ba shi da madafa.

TAMBAYA: Ni dai na ce Francis Ngannou gudun Jon Jones ya yi, shi ya sa ya bar UFC. Ko ba haka ba ne? (Tela, Kazaure)

AMSA: Ba haka ba ne, maigida. Dubi lokaci. Jones ne ya yi shekara uku bai shiga keji ba daga Fabrairun 2020. Ngannou ya ci kambun masu nauyi a kan Stipe Miocic a Maris 2021, ya kare shi a kan Ciryl Gane a Janairun 2022 da raunin gwiwa. Sai da ya tafi a Janairun 2023 sannan Jones ya dawo a watan Maris, ya gama da Gane cikin kusan minti biyu.

Rikicin na kwantiragi ne. UFC, babban kamfanin da ke shirya damben keji, ba ta ɗaukar 'yan wasanta a matsayin ma'aikata. Idan ka yi wasa a biya ka. Sabon shiga yakan fara da wajen dala dubu 10 zuwa 12 na shiga keji, da wani kwatankwacinsa idan ya ci, a ciki zai sallami mai horarwa da dillali, ya biya haraji. Abin da aka bayyana a hukumance na Ngannou a wasan Gane dala dubu 600 ne. Ya nemi a bar shi ya yi damben boksin, ya kuma nemi inshorar lafiya da damar tallata kamfanoni ga 'yan wasa. Aka ƙi. Koken ba nasa ba ne shi kaɗai, domin tsofaffin 'yan wasa sun kai kamfanin kotu kan danne musu kuɗi, aka yi sulhu a kan dala miliyan 375.

Ta fuskar aljihu Ngannou ya ci riba. A damben boksin a Riyad a Oktoban 2023 ya kai Tyson Fury ƙasa a turmi na uku, ya faɗi da ƙyar a hannun alƙalai, kuma rahotanni sun ce ya sami wajen dala miliyan 10. Mutumin da ya taso yana haƙar yashi a Batie ta ƙasar Kamaru ba za a ga laifinsa ba. Sai dai a Maris 2024 Anthony Joshua ya sumar da shi a turmi na biyu, wasan Jones kuma ya bi ruwa.

TAMBAYA: Me ya sa ranar awo za ka ga ɗan wasa kamar ya tashi daga jinya, washegari kuma ya cika fam? (Mai shayi, Dambatta)

AMSA: Ruwan jiki ne ake matsewa, ba kitse ba. Ana awo da safiyar Juma'a, wasa daren Asabar, akwai fiye da awa 24 a tsakani. Ɗan ajin kilo 77 yakan shigo makon wasa da rarar kilo biyar zuwa bakwai. Sai a yanke masa gishiri da abinci mai sitaci, saboda kowane giram na sitacin da jiki ya adana yana riƙe kusan giram uku na ruwa. A farkon mako a sa shi shan ruwa da yawa har jiki ya saba zubarwa, sannan a tsuke ruwan. Ragowar a fitar da shi da gumi, cikin ruwan zafi ko ɗakin turara. Da ya sauka daga sikeli sai a fara mayarwa kaɗan-kaɗan da ruwan gishiri da sukari.

Inda ake samun ɓaraka shi ne gumi ya tsaya alhali da sauran nauyi. A nan ƙoda ke wahala, jini ya yi kauri, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Khabib Nurmagomedov asibiti ya ƙare a Maris 2017, aka soke wasansa da Tony Ferguson. A Disambar 2015 wani matashi ɗan Sin, Yang Jian Bing, ya rasu garin rage nauyi. A wasan kambu ba a yafe ko giram ɗaya: a Mayun 2022 an karɓe kambun Charles Oliveira saboda rarar kusan giram 230. Samarin da ke kwaikwayo da rigar leda suna gudu a zafin bazara, don Allah ku hana su. Waɗancan da likita a kansu ma ga yadda ake ƙarewa.

TAMBAYA: Tsakanin Khabib da Jon Jones wa ya fi? (Ɗalibi, Rano)

AMSA: Khabib ya yi wasa 29 ba a taɓa cin sa ba, amma sau uku kawai ya kare kambu, ya ajiye a Oktoban 2020 bayan rasuwar mahaifinsa, yana da shekara 32. Tabonsa tsallake kejin da ya yi bayan ya gama da Conor McGregor a 2018, aka ci shi tarar dala dubu 500 da dakatarwar wata tara. Jones ya ci kambu yana ɗan shekara 23 a 2011, ya daɗe a sama fiye da kowa, ya kuma doke manya da yawa. Amma an kama shi da haramtattun ƙwayoyi a 2016 da 2017, har aka soke nasararsa ta biyu a kan Daniel Cormier. In aiki ake aunawa, Jones ne. In za a cire wanda gwaji ya kama, to ba ya cikin lissafin, kuma masu cire shi suna da hujja.

TAMBAYA: Ina dambe, na yi kisa da yawa a gidajen dambe. Ina so in koma na keji. Ta ina zan fara? (Ɗan dambe, Ringim)

AMSA: Ƙanena, kana da abin da ba a koyarwa: zuciya da nauyin hannu. Amma tsayuwarka za ta fara cin amanarka. Ɗan dambe yana tsayawa a kaikaice, ƙafa a ware, hannun kariya a miƙe, na ɗauri can baya. A keji wannan ƙafar ta gaba ita za a yi ta sara da ƙwauri a sharaɓa har ta ƙi ɗaukarka, ko a sunkuya a rungume ta a kai ka ƙasa. Kuma a wurinmu taɓa ƙasa kisa ne, a can kuwa a nan aikin ke farawa.

Saboda haka wata shidan farko ka manta da naushin kisa. Ka matso da ƙafafu, ka ɗan fuskanci abokin karawa, hannu biyu a haɓa. Ka koyi ɗaga ƙafa kana juya ƙwauri waje idan shuri ya taho, ƙashi ya tarbi ƙashi. Ka nemi 'yan kokawar garinku ku yi ta kaye a kan yashi, ban da siminti, kana koyon jefa ƙafafu baya da danna ƙirjinka a bayan wanda ya sunkuyo maka. Hannun da ba ka ɗaurewa kuwa ka ba shi aiki kullum a jikin buhu, har ya iya kai naushi madaidaici. Shaƙa da murɗe gaɓa ba a koyonsu daga waya, sai da malami a birni. Idan an kama wuyanka ka bubbuga da hannu nan take, domin shaƙar da ta zauna daidai tana sumar da mutum cikin kusan daƙiƙa goma.

Kayan aiki: robar haƙori, kariyar gaba, bandejin hannu, da safar hannu mai buɗaɗɗun yatsu. Ta wasa takan kasance wajen giram 113 kawai, don haka a atisaye ku sa manyan safar boksin. Za a nemi gwajin jini na ciwon hanta da ƙanjamau, da gwajin ido. Ka fara da wasannin 'yan koyo kafin ka sa hannu a wata takarda, kuma duk kwantiragin da aka miƙo maka ka kai wa wanda ya iya karatu ya duba yawan wasanni da tsawon lokacin da aka ɗaure ka. Al'adar da za ka bari tun yanzu ita ce komawa fage washegarin da aka sumar da kai. A can wanda aka sumar yakan sha dakatarwar likita ta wajen kwana 60, mafi yawansu ba a yarda ko a atisaye a taɓa kansa ba.