Amsa kan wasan besbol da ya tashi 1 da 0

Malam, ka tambaya ko wasan besbol da aka tashi 1 da 0 ya cancanci a zauna a kalli tsohon faifansa. Ƙwarai ya cancanta, kuma ka fara da wasa na bakwai na World Series, gasar ƙarshe ta fitar da zakaran besbol a Amurka, wanda aka buga ranar 27 ga Oktoban 1991 a Minneapolis ta Amurka, inda Minnesota Twins ta doke Atlanta Braves a zagaye na goma, bayan Jack Morris, mai jefa ƙwallo na Twins, ya yi jifa tun daga farko har ƙarshe ba tare da an ci shi maki ko ɗaya ba.

Sharaɗi ɗaya ne, kada ka tsaya kan taƙaitaccen bidiyo, domin a kallon da na yi na lura cewa daɗin irin wannan wasa yana cikin damar da ake ɓararwa. A zagaye na takwas Terry Pendleton na Braves ya doka ƙwallo mai nisa, amma abokin wasansa Lonnie Smith, wanda ke gudun zagaya zangunan fili don ya isa gida ya ci maki, ya yi jinkiri a zango na biyu, bai wuce na uku ba, daga nan Twins ta fitar da mutum biyu a bugu ɗaya na Sid Bream na Braves. Wanda ya ga wannan ne zai fahimci nauyin bugun Gene Larkin na Twins da ya kawo abokin wasansa Dan Gladden gida, ya ci maki ɗaya tilo na wasan.