Jidda zuwa Kano awa nawa ne tsakani da Allah?

Tambaya: Salam Malam, ni ƴar Kano ce mazauniyar Jidda, zan je ganin gida, tikitina ya nuna tashi ƙarfe 10 na safe sauka ƙarfe 1 na rana, amma na dawowa kuma 10 zuwa 5 na yamma. Wai hanyar dawowa ta fi nisa ne ko kuskure suka yi?

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, kwantar da hankalinki ba kuskure ba ne, agogo ne ya ruɗa ki. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, kuma tikiti lokacin garin da jirgi ya tashi ko ya sauka yake rubutawa, to kin ga zuwa da dawowar duk awa 5 ne a sama. Tsakanin garuruwan biyu kusan kilomita 3,400 ne in an miƙe ta saman Bahar Maliya da Sudan da Chadi, sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, Allah ya kawo musu sauƙi, jirage da yawa kewayewa suke yi shi ya sa tafiyar kan ɗan ƙaru. Masu tarbarki a filin jirgin Malam Aminu Kano ki ce musu ƙarfe 1 agogon gida.